WordPress, Joomla, Drupal ko Ghost: wanne za ka iya riƙewa bayan an gama gini?

Girka manhajar sarrafa shafin intanet, wadda masu sana'ar ke kira CMS, ba ya cin rabin awa. A yawancin kamfanonin da ke ba da masaukin shafi, kana shiga cPanel, wato allon sarrafa masaukin, ka buɗe Softaculous, wato kayan girka manhajoji da ke ciki, ka danna WordPress ko Joomla, ka cike suna da kalmar sirri, shi ke nan shafi ya tsaya da ƙafarsa. Wahalar tana fitowa ne bayan wata shida ko shekara: an saki gyaran tsaro ba wanda ya sabunta, wanda ya gina shafin ya kama wani aiki wayarsa ba ta shiga, kamfanin masauki ya ɗaga PHP, harshen kwamfutar da manhajar ke aiki da shi, zuwa sabon zubi, wata safiya a buɗe shafi a tarar da farin allo fes. Saboda haka ma'aunin da za mu ɗora manhajojin nan a kai abu uku ne: wa zai riƙe shafin bayan an gama gini, nawa riƙon zai riƙa ci duk shekara, kuma ranar da ka so tashi, za ka iya kwashe kayanka ba tare da asara ba?

Idan aka ce manhaja buɗaɗɗiya ce, ana nufin lambobin da aka rubuta ta da su suna fili, kowa na da izinin saukewa, ya yi aiki da ita, ya gyara, ya raba. WordPress da Joomla da Drupal suna ƙarƙashin lasisin GPL, Ghost kuma yana ƙarƙashin na MIT. Lasisin ne kyauta. Masauki, sunan shafi (adireshinsa na intanet), da lokacin wanda zai kula, duk aljihunka ne zai ji su. A nan ma akwai ruɗanin da ke kama sababbin shiga: WordPress.org shi ne inda ake sauke manhajar a ɗora a masaukin da mutum ya zaɓa, WordPress.com kuwa hidimar kasuwanci ce ta kamfanin Automattic, mai nata farashi da nata ƙa'idoji. Maganarmu a kan na farkon take.

WordPress

Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da shi a watan Mayun 2003, daga wata tsohuwar manhajar rubutu mai suna b2/cafelog. A ƙididdigar W3Techs ta 2024, wajen kashi 43 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, alhali Joomla bai kai kashi 2 ba, Drupal kuma yana wajen kashi 1. Yawan nan shi ne babban abin da WordPress ya fi sauran da shi, ya ma fi duk wata fasaha da ke cikinsa muhimmanci. Ko a Kano kake ko Maraɗi, idan shafi ya tsaya za ka samu wanda ya san kansa, kuma kusan kowace matsala da za ka ci karo da ita wani ya riga ya ci karo da ita ya rubuta maganinta.

Abin da yake buƙata bai da yawa: PHP, rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, da masaukin haɗaka, wato irin wanda shafuka da yawa ke zaune a saba ɗaya, kwamfutar da ke riƙe shafuka, kamar gidan haya. Marubucin da ya saba da Word zai iya wallafa labari a ranar farko. Tun zubi na 5.0 a Disambar 2018 ake rubutu da editan Gutenberg, inda kowane sakin layi da hoto yake zaman tubali guda da za a ɗaga ko a sauke. Matsayin masu aiki biyar ne a ciki: mai gudanarwa, edita, marubuci, mai ba da gudummawa, da mai rajista. Mai ba da gudummawa yana rubutu amma ba ya iya wallafawa sai edita ya duba, kuma ga ƙaramar jarida wannan ya wadatar.

Sauran kusan komai da ƙananan manhajojin da ake jona masa ake yi, waɗanda ake kira fulogin. Akwai wajen dubu 60 a rumbun WordPress.org. Kanti da WooCommerce, karɓar kuɗi da naira ta fulogin ɗin Paystack ko Flutterwave, fom, ajiyar kwafi, duk akwai. To, daga nan ne kuma ɓarna take shigowa. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaro Patchstack suna nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na sababbin kafofin kutse da ake ganowa a duniyar WordPress a fulogin suke, uwar manhajar kaso kaɗan ƙwarai take ɗauka. Kowane fulogin wani mutum ne daban ya rubuta shi, yana iya daina kula da shi gobe ba tare da ya sanar da kai ba. Kafin ka jona kowanne, duba abu uku a shafinsa: yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, shafuka nawa ke aiki da shi, kuma ana amsa koke-koken mutane ko an bar su zube. Wanda ya haura shekara ba a taɓa shi ba, rabu da shi. Shafin rubutu na yau da kullum ba ya buƙatar abin da ya wuce fulogin takwas zuwa goma.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, kuma ita ce ta fi kashe shafuka: saukar da fulogin ko rigar shafi, wato zanen da ke ba shafi kamanninsa, ta kuɗi wadda aka fasa aka raba kyauta a Telegram ko wasu shafuka. Irin waɗannan sau da yawa da ƙofar baya suke zuwa. Shafin zai yi aiki lafiya na wasu makonni, daga baya masu shigowa ta Google su riƙa faɗawa shafin caca ko na magungunan bogi, kai kuwa da ka shiga a matsayin mai gudanarwa ba za ka ga komai ba, domin lambar da aka dasa tana gane ka ta ɓoye. Kafin ka farga Google ya liƙa wa shafin jan gargaɗi. Araha ba ta ado. In kuɗin lasisi ya fi ƙarfinka, ka zauna a kan na kyauta da ke rumbun WordPress.org, sun isa gina shafi mai kyau.

Kuɗin lasisin ma a lissafa shi tun farko. Fulogin na kuɗi da dala ake biya, kuma duk shekara. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun daga Yunin 2023 ya san abin da ke nufin a ɗaura shafi a kan lasisi huɗu ko biyar na dala. In ka daina biya, yawanci fulogin yana ci gaba da aiki amma sabuntawa ta tsaya, wato kafar kutse ta gaba a buɗe za ta zauna.

Matsalolin da aka fi gani a WordPress sanannu ne, maganinsu ma haka. Farin allo bayan sabuntawa yawanci fulogin ne ya yi karo da sabon PHP: shiga mai sarrafa fayil na cPanel, ka canza sunan jakar fulogin ɗin a cikin wp-content/plugins, shafin zai dawo. Tun zubi na 5.2 ma manhajar takan aiko wa mai gudanarwa imel da hanyar shiga ta gaggawa, shi ya sa dole adireshin imel ɗin da ke ciki ya zama wanda kake buɗewa. Saƙon da ke cewa an kasa haɗuwa da rumbun bayanai yana nufin ko sunan rumbun da kalmar sirrinsa a fayil ɗin saituna na wp-config.php sun saɓa, ko sabar ta cika ta tsaya. Labarin da aka tsara ya fita da ƙarfe shida na safe ya ƙi fita kuwa, dalilinsa shi ne agogon aikin WordPress ba ya motsi sai wani ya ziyarci shafin. A kashe shi a wp-config.php a kafa aikin cron, wato agogon aiki na sabar kanta, daga cPanel, kowane minti 10 ko 15.

Inda WordPress ke da rauni na gaske shi ne shafi mai harsuna biyu ko uku. Uwar manhajar ba ta zo da wannan ba, sai an jona Polylang ko WPML ko TranslatePress, kuma da zarar ka tara labarai dubu a kan ɗaya daga ciki, sauya shi aiki ne ja. Sai kuma batun shugabanci. A Satumbar 2024 rikici ya ɓarke tsakanin Mullenweg da kamfanin masauki WP Engine, har aka toshe wa kamfanin hanyar ɗauko sabuntawa daga WordPress.org, sai da kotu a Amurka ta ba da umarnin a buɗe a watan Disamba. Mai ƙaramin shafi bai ji a jikinsa ba, amma abin ya nuna yawan ikon da ke hannun mutum guda a kan rumbun da kowa ya dogara da shi.

Joomla

Joomla ya ɓalle ne daga Mambo a 2005. Sunan daga kalmar Suwahili "jumla" yake, 'yar'uwar "jimla" tamu, duk daga Larabci. Ƙungiya mai zaman kanta, Open Source Matters, ke riƙe da shi, ba kamfani ba.

Abubuwa biyu da sai an jona wa WordPress, Joomla da su yake zuwa. Na farko harsuna: kana girka Hausa da Turanci da Faransanci a matsayin harsunan abin da ake wallafawa, ka yi wa kowanne jerin menu nasa, ka haɗa labari da fassararsa, ba tare da sayen komai ba. Ga ƙungiyar da ke aiki a Najeriya da Nijar a lokaci guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu rabon iko: za ka iya kafa rukuni ka ce waɗannan sashen shari'a kawai za su taɓa, waɗancan su rubuta amma kada su goge, wani shafi kuma mambobi masu rajista kaɗai za su gani. Tabbatar da shiga ta mataki biyu ma a ciki take.

Farashin wannan shi ne koyo. A Joomla menu ne ke mulki: shi ke tsara adireshin labari, da rigar da shafi zai sa, da akwatunan da za su fito a gefe. Wanda bai fahimci haka ba zai rubuta labari ya wallafa, ya neme shi a shafi ya rasa, ko kuma labari ɗaya ya riƙa fitowa da adireshi biyu. Sati guda na zama a kai yana warware wannan. Abin da ba ya warwarewa shi ne ƙarancin masu sana'a da ƙarancin ƙarin manhajoji, domin da yawa daga masu rubuta su sun koma WordPress. An daina kula da Joomla 3 a Agustan 2023, kuma shafuka masu yawa sun maƙale a kansa saboda rigarsu ko wani ƙarin da suka dogara da shi bai bi su zuwa zubi na 4 ba. Joomla 5, wanda ya fito a Oktoban 2023, yana neman PHP 8.1 zuwa sama. Idan wani ya kawo maka tayin gina shafi da Joomla, tambaye shi wane zubi, kuma ka nemi sunan mutum na biyu da zai iya karɓar aikin in shi ba ya nan.

Drupal

Dries Buytaert, ɗan ƙasar Beljiyam, ya fitar da Drupal a Janairun 2001. Kayan gini ne ya fi zama, ba gida ginanne ba. Kai za ka faɗa masa irin bayanan da kake da su. A ce jami'a ce: kwas yana da lamba, sashe, malami, zango da yawan maki, malami yana da sashe, digiri da wallafe-wallafe. Kana zana kowanne a matsayin nau'in abu mai gurabe, ka ɗaura su da juna, sannan da Views, kayan jera bayanai da ke cikinsa, ka fitar da "duk kwasa-kwasan zango na biyu na sashen Hausa" ba tare da rubuta lamba ko layi ɗaya ba. Matakan tantance rubutu kafin wallafa, fassarar kowane gurbi daban, da rabon iko mai zurfi duk suna cikin uwar manhajar. Wannan ne ya sa Hukumar Tarayyar Turai da gwamnatin Ostareliya suka ɗora shafukansu a kansa. Fadar White House ma ta yi aiki da shi daga 2009, kafin ta koma WordPress a 2017.

Amma Drupal na zamani ba na danna-maɓalli ba ne. Tun zubi na 8 a Nuwamban 2015 aka sake masa tushe a kan Symfony, wani ginshiƙin gina manhajoji na PHP, kuma hanyar da ta dace ta girka shi da sabunta shi ita ce ta Composer, manhajar da ke ɗauko masa sassansa, a baƙin allon umarni ta SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa. Masaukin haɗaka mai araha sau da yawa ba ya ba da SSH, ko ya bayar amma ƙwaƙwalwar da aka ware ba ta isa. Drupal 11 na Agustan 2024 yana neman PHP 8.3. Aiki mai tsari a Drupal yana nufin shafin gwaji daban, saituna a fayil ɗin YAML, komai a cikin Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara. Wato albashin injiniya, ko kwangilar kulawa ta wata-wata.

Darasi biyu daga tarihinsa sun isa su nuna nauyin riƙonsa. A Oktoban 2014 aka sanar da wata kafar kutse a Drupal 7, aka kira ta Drupalgeddon. Daga baya masu tsaron manhajar suka ce duk shafin da bai sabunta cikin awa bakwai da sanarwar ba, a ɗauka an riga an shige shi. Awa bakwai. Sannan Drupal 7, wanda ya fito a Janairun 2011, an rufe kulawa da shi ranar 5 ga Janairun 2025, kuma tashi daga kansa zuwa sabon zubi sabon gini ne: a sake rubuta riga, a nemo madadin ƙarin manhajoji, a kwaso bayanai da kayan ƙaura. Akwai Backdrop CMS ga masu son zama kusa da tsohon tsarin, an kuma fitar da Drupal CMS a Janairun 2025 don sauƙaƙa wa waɗanda ba injiniyoyi ba. Duk da haka, ga shafin mutum ɗaya ko ƙaramar jarida, Drupal tirela ce aka ɗauko don kai buhu guda kasuwa.

Ghost

John O'Nolan ya taɓa aiki a cikin masu gina WordPress, ya fita ya tara kuɗi a shafin neman gudummawa na Kickstarter a 2013 ya gina Ghost don rubutu kawai. Gidauniya mara neman riba ke riƙe da shi. Editansa ya fi na kowa tsabta, shafinsa yana buɗewa da sauri ba tare da an yi masa dabara ba, kuma wasiƙar imel ga masu karatu da rajistar mambobi a cikinsa suke. Ba shi da tsarin fulogin, don haka babbar ƙofar da ake shiga WordPress ta ita a nan babu ita.

Ƙaiƙayin yana wurare uku. Da Node.js aka rubuta shi, ba PHP ba, don haka masaukin cPanel na yau da kullum ba wurinsa ba ne; saba taka ta kanka kake buƙata, mai Ubuntu da NGINX da MySQL 8 da ƙwaƙwalwa aƙalla gigabait 1, kuma kai ne mai gadin sabar. In ba haka ba sai ka biya Ghost(Pro), masaukin da masu Ghost ke bayarwa, da dala. Na biyu imel: aika wasiƙa ga mutane da yawa ta kamfanin aika imel Mailgun yake bi. Mambobi kuma ba da kalmar sirri suke shiga ba, hanyar shiga ake aiko musu ta imel, saboda haka ranar da imel ɗin sabar ya tsaya, ba mai iya shiga. Na uku shi ne ya fi shafar mu: karɓar kuɗin mambobi ta kamfanin karɓar kuɗi Stripe kaɗai aka gina shi. Stripe ya sayi Paystack a 2020, amma wannan bai sa asusun Paystack ya shiga gurbin Stripe a Ghost ba, sai da ɗinkin injiniya. Marubucin da ke son masu karatu su biya da naira zai fi samun hanya miƙaƙƙiya a WordPress. Ghost kuma harshe ɗaya yake ɗauka a shafi guda.

Akwai wani rukuni da ya cancanci a ambata ko da a taƙaice: manhajojin da ke gina shafi su gama a kwamfutarka, su tura shi sama a matsayin fayiloli zalla, irin su Hugo da Jekyll. Ba rumbun bayanai, ba wurin shiga da za a fasa, kuma GitHub Pages ko Cloudflare Pages na iya ɗaukarsu kyauta. Sai dai da Markdown, wato tsara rubutu da alamomi, da Git ake aiki, abin da yawancin marubuta ba za su jura ba. Publii ya fi sauƙi: manhaja ce ta kan kwamfuta mai edita kamar na WordPress, kana rubutu ko babu intanet, sai sabis ya dawo ka tura. Ga mutum ɗaya a wurin da sabis ke yawan yankewa, zaɓi ne mai kyau. Ga tawagar mutum biyar bai dace ba.

Gwajin Hausa

Wannan sashen ba za ka same shi a kwatancen da ake yi a waje ba, kuma shi ke bambanta shafin da ake jin daɗin karantawa da wanda ke gajiyar da ido. Duk manhajojin nan suna adana ƙ da ɗ da ɓ da ƴ lafiya, matuƙar rumbun bayanai yana kan tsarin adana haruffa na utf8mb4. Matsalar tana wajen riga. Yawancin salon haruffan da ke zuwa da riguna ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai burauza ta aro su daga wani salon, ka ga "ƙasa" da ƙ ɗinta ta fi sauran kauri ko ta karkace kamar baƙuwa. Kafin ka amince da riga, rubuta "Ƙanƙara ta ɓata ɗakin Ɗanɓaki" a kanun labari, da baƙi mai kauri, da mai karkata, ka duba a waya. Salon haruffa na Noto Sans da Andika da Charis SIL suna da haruffa masu lanƙwasa duka. Mai wallafa ajami kuma ya nemi Alkalami, wanda aka zana a kan salon rubutun Kano, ko Harmattan, ya tabbatar rigar tana iya juya rubutu daga dama zuwa hagu.

Sai adireshin labari. Idan manhaja ba ta san yadda za ta mayar da ƙ zuwa k ba, adireshin zai fito da %c6%99 a madadinta, ɗ kuma %c9%97, ya zama doguwar igiya mai muni in an tura a WhatsApp. Ka saba gyara adireshin da hannu kafin wallafawa, kalma uku ko huɗu da haruffa marasa lanƙwasa. Akwatin nema ma yana da nasa: rumbun bayanai yana ɗaukar k da ƙ haruffa biyu daban, don haka mai karatun da ya buga "kasa" a wayarsa ba zai ga labarin da aka rubuta "ƙasa" ba. Saka kalmomin marasa lanƙwasa a cikin alamomin labari yana rage wannan. A WordPress kuma akwai wani ƙaramin abu mai ban haushi: yana gyara alamomin zance da kansa, sai ya ɗauki waƙafin farkon "'yan" da "'ya'ya" a matsayin buɗe zance ya juya shi baibai. Ko dai ka koma rubuta ƴ, ko a kashe gyaran da layi ɗaya ta matatar run_wptexturize. Kalmomin riga irin su "ci gaba da karatu" da "labarai masu alaƙa" kuwa, fulogin ɗin Loco Translate yana ba ka damar mayar da su Hausa da kanka.

Nauyin shafi ma a sa shi a lissafi, domin mai karatunka da waya yake kuma datarsa yake ƙonawa. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 3 zuwa 5. Goma a labari ɗaya sun cinye wajen 40. Rage faɗin hoto zuwa fiksel 1200 ko 1600, ka mayar da shi WebP, wanda WordPress ke karɓa tun zubi na 5.8, ka yi ƙoƙarin kada ya wuce kilobait 200. Manhajojin zana shafi irin su Elementor suna da sauƙin aiki amma suna ƙara nauyi, kuma ranar da ka cire su tsarin shafukan da ka zana da su yana rushewa. Ga shafin rubutu, riga mara nauyi da editan Gutenberg sun fi.

To, wanne?

Ga shafin mutum ɗaya, jarida, makaranta, masallaci ko ƙaramin kanti, WordPress ne, kuma ba sai an yi dogon tunani ba, da sharaɗin a taƙaita fulogin a kuma kunna sabuntawa ta kai-tsaye ga waɗanda aka amince da su. Ƙungiya mai harsuna biyu ko uku da mambobi masu matsayi daban-daban, wadda ke da mutumin da ya san Joomla kuma zai zauna, za ta ji daɗin Joomla. In babu wannan mutumin, WordPress da Polylang ya fi aminci. Jami'a, ma'aikata ko taskar bayanai mai dubban abubuwa masu alaƙa da juna, da kasafin kulawa a rubuce, Drupal ne nasu. Ghost na marubucin da wasiƙar imel ce jarinsa, yana da asusun Stripe, kuma saba ba ta ba shi tsoro.

Ko wanne ka ɗauka, sunan shafin da asusun masauki su kasance da sunanka da imel ɗinka, ba na wanda ya gina maka ba. Wannan ya shafi .com da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, da .ne na Nijar. Shafuka da yawa sun salwanta ne kawai saboda sanarwar sabunta suna ta tafi imel ɗin wanda ya daɗe da barin aikin. Takardar tsaro ta HTTPS kyauta ce daga Let's Encrypt, kwana 90 take yi tana sabunta kanta, kada a caje ka kuɗi mai yawa a kanta. Kwafin ajiya kuma abu biyu ne, rumbun bayanai da jakar hotuna, kuma a ajiye shi a wani wuri ban da sabar da shafin ke kai. Fayil ɗin fitar da kaya na WordPress rubutu yake ɗauka da adireshin hotuna, ba ya ɗaukar hotunan kansu, don haka wanda ya riƙe shi kaɗai ya rufe tsohon masauki ya yi asarar hotunansa.

Kafin ka yanke shawara, ware kwana biyu ka girka biyun da suka fi kwanta maka a wani ƙaramin adireshi na gwaji. Ka sa wanda zai riƙa wallafawa kullum, ba injiniya ba, ya rubuta labarai biyar da hotuna daga wayarsa, kai kana kallo ba ka ce masa komai ba. Ka yi sabuntawa ɗaya. Sannan ka ɗauki kwafin ajiya, ka goge shafin gaba ɗaya, ka dawo da shi daga kwafin, kana duba agogo. In dawowar ta gagara ko ta wuce awa guda, ka gyara hanyar ajiyar ka sake gwadawa kafin ka ɗora labarin farko na gaske.